Jagora: Yadda matuƙa jirgin sama ke zama da kamfani su ƙulla yarjejeniyar albashi da yanayin aiki

Tambayar yadda matuƙa ke zama da kamfani su ƙulla yarjejeniyar aiki ta yi ta zuwa mini daga ɓangare biyu. Akwai matasanmu da suka gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ko wata makaranta a waje, suka samu aiki, abokan aikinsu suka tura su wakilci, ba su san ta inda ake kamawa ba. Akwai kuma iyaye da iyalai a nan Katsina da Daura waɗanda ke jin ana cewa "ƙungiya na kan teburi da kamfani", suna son su san abin da ake yi a ɗakin. To ga shi daki-daki.

Kafin a shiga matakan, a riƙe abu guda, domin a kansa komai ya ginu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a inda ta fayyace wane ne ma'aikacin da take karewa, ta fitar da wanda ke aiki cikin jirgin sama ko na ruwa, ta kuma fitar da masu aikin ƙwarewa. Ke nan kariya da dama da leburan masana'anta ke samu kai tsaye daga dokar, matuƙi ba zai dogara da su ba. Babban abin da ya rage masa shi ne takardar ɗaukarsa aiki da yarjejeniyar ƙungiya. Duk abin da ba a rubuta a cikinsu ba, ku ɗauka babu shi, ko da shugaban kamfani da kansa ya yi alkawarinsa a gaban jama'a.

Mataki na 1: A tabbatar da wanda ke da bakin magana

Kamfani ba ya ƙulla yarjejeniya da zauren WhatsApp. Da ƙungiya mai rajista yake yi. Matuƙa da injiniyoyin jirgi a Najeriya suna ƙarƙashin ƙungiyarsu mai suna NAAPE, sauran ma'aikatan harkar kuma akasari suna ƙungiyar NUATE ko ta ATSSSAN. Tun gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa. Saboda haka kowane mutum sai ya cike fam da hannunsa, ya kuma ba da izini a rubuce a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa. Daga nan a kafa reshe, a yi zaɓen shugabanni, uwar ƙungiya ta rubuta wa kamfani ta gabatar da su.

Gargaɗi: ku ƙirga kanku kafin ku buga ƙirji. Jerin masu biyan kuɗin ƙungiya yana ofishin akantan kamfani, shi za su fara dubawa ranar da wasiƙarku ta isa. Idan matuƙa 40 ne a kamfanin, 14 kawai ke biya, ku dakata da maganar teburi, ku koma ku shawo kan sauran tukuna. Wata biyu da za ku ɓata a nan ba asara ba ce.

Mataki na 2: A tara takardu

Wannan aiki ya kamata a fara shi aƙalla wata shida kafin tsohuwar yarjejeniya ta ƙare. Abin da ake nema: tsohuwar yarjejeniyar idan akwai, takardun ɗaukar aiki na mutane daban-daban (a rufe sunaye kafin a haɗa), littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi na wata 12, bayanin asusun fansho, takardun bashin horo (kuɗin horon da kamfani ya biya, wanda zai bi mutum idan ya bar aiki da wuri), dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da suka shafi awannin tashi da hutu, da kuma littafin gudanar da tashi na kamfani wanda hukumar ta amince da shi.

Mafi daraja a cikinsu duka shi ne jadawalin aiki, kuma iri biyu ake so: wanda aka fitar a farkon wata, da wanda aka yi aiki da shi a zahiri. A ajiye su gefe da gefe tare da littafin awannin tashi na kowa. A nan ne za ku ga sau nawa aka kira mutum ranar hutunsa, sau nawa tashin ƙarfe 7 na safe ya koma na 4 na yamma, sau nawa aka kwana a garin da ba a shirya kwana ba. Idan kun ce "muna shan wahala", manaja zai ce kowa ma na sha. Idan kuka ce "a wata uku an canza jadawali sau kaza ƙasa da awa 12 kafin tashi, ga ranakun", dole ya amsa.

Gargaɗi: kada kowa ya ɗauko takardar sirri ta kamfani ko ya ɗauki hoton bayanan fasinja da sunan tara hujja. Wannan kaɗai ya isa dalilin kora, kuma ƙungiya ba za ta iya kare shi ba. Abin da kuke buƙata daga hannunsu, ku nema a rubuce.

Mataki na 3: A tambayi mambobi

A raba fam ba tare da suna ba, kowa ya jera abu biyar da suka fi damunsa, daga babba zuwa ƙarami. A tantance amsar kyaftin daban, ta mataimakan matuƙa daban, ta injiniyoyi daban. Kyaftin da ya doshi shekara 65, wadda ita ce iyakar tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, hankalinsa na kan fansho da kuɗin sallama. Yaron da ya fara aiki bara yana fama da bashin horo da tunanin yaushe zai hau kujerar hagu, wato ta kyaftin. Yarjejeniyar da ta ƙosar da manya ta bar yara a baya ba ta daɗewa, domin yaran su ne masu yawa, su ne kuma za su zauna da ita.

Mataki na 4: Kwamiti da kuɗin aikinsa

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. A samu kyaftin, a samu mataimakin matuƙi, a samu injiniya idan yarjejeniyar ta haɗa da su, da wakilin uwar ƙungiya. Mutum ɗaya ne mai magana, ɗaya kuma ba shi da aiki sai rubutu. Kada a zaɓi mutum don ƙarfin murya. A nemi mai haƙuri, mai riƙe sirri, wanda ba ya jiran wani muƙami daga hannun waɗanda zai zauna da su. Wanda ke riƙe da kujerar gudanarwa a kamfani, kamar shugaban matuƙa, ba ya shiga kwamitin ko da ɗan'uwa ne na jini.

Kuɗin da za a kashe sun kasu huɗu: lauya masanin dokar ƙwadago, akanta da zai duba lissafi, sufuri da masauki tunda yawanci a Legas ko Abuja ko Kano ake zaman, sai ɗakin taron mambobi. A yi ciniki da lauya tun farko, a rarrabe kuɗin duba daftari da kuɗin zuwa kotu idan ta kai ga haka. Duk daga asusun ƙungiya za su fito, da rasit. Abin da ake nema daga kamfani shi ne ya saki 'yan kwamiti daga jadawali a ranakun zama ba tare da an taɓa albashinsu ba.

Gargaɗi: ɗan kwamiti ba ya karɓar ambulan, ba ya karɓar kujerar Umara, ba ya karɓar "kuɗin mai" daga ɗaya ɓangaren muddin ana tattaunawa. Ko da zuciya ɗaya aka ba shi, ranar da mambobi suka ji, an gama da yarjejeniyar.

Mataki na 5: Lissafi

Ku fara da abin da ya faru da kuɗin aljihunku. Kafin a saki naira kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A ce, don misali kawai, albashin wani naira miliyan 1 ne: a farkon 2023 ya kai kusan dala 2,170, a canjin 1,500 kuwa bai kai dala 670 ba. Mutum bai canza aiki ba, bai rage awa ba, amma sama da kashi biyu cikin uku na darajar kuɗinsa a dala sun tafi.

Sannan ku juya ku duba ta idon kamfani, domin a teburi za a juya muku ita. Hayar jirgi, kayan gyara, inshora da horo a waje duk da dala ake biya, man jirgi ma farashinsa na bin dala, tikitin cikin gida kuma da naira ake sayarwa. Wannan gaskiya ce, musanta ta rage wa kai daraja ne. Abin da akantanku zai fitar shi ne: ƙarin kashi 1 cikin 100 nawa zai ci wa kamfani a shekara, har da kasonsa na fansho? Ƙarin ranar hutu ɗaya a wata matuƙa nawa zai sa a ɗauka? Idan kun san kuɗin kowace buƙata, ba wanda zai tsorata ku da adadin da aka kumbura.

A kowace babbar buƙata ku tsayar da adadi uku, kamar mai sayar da sa a kasuwar Mai'adua: kuɗin da zai fara faɗa, wanda yake fatan a sallama a kai, da wanda ƙasa da shi gara ya koma gida da dabbarsa. Na ukun nan 'yan kwamiti kaɗai ke saninsa, ba a rubuta shi a waya.

Gargaɗi: za a samu wanda zai kawo labarin matuƙan kamfanin Delta na Amurka da suka samu ƙarin albashi na kashi 34 cikin 100 na tsawon shekara huɗu a 2023. Labarin gaskiya ne, amma kasuwarsu daban, dokarsu daban. Ku gwada kanku da kamfanonin gida masu irin jirginku, da kuma kamfanonin waje da ke ɗibar matuƙan Najeriya a zahiri. Kuɗin horar da wanda zai maye gurbin kyaftin da ya tafi, shi ne hujjar da ke shiga kunnen mai kamfani.

Mataki na 6: Rubuta buƙatu

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin gaggawa.

Albashi. Kada ku tsaya ga jimilla, ku duba yadda aka gina ta. Idan mafi yawan kuɗin mutum na zuwa ne daga yawan tashin da ya yi, to an ɗaure cikinsa da yanayin sama. Duk wanda ya taɓa zama a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua cikin Janairu ya san abin da nake nufi: hazo ya rufe gari, daga ɗakin jira ba a hango ƙarshen titin jirgi, fasinja sun gaji sun fara ɗaga murya, waya na ta ƙara a aljihun kyaftin. A irin wannan lokacin bai kamata a ce akwai wani lissafin kuɗin makarantar yara a kansa ba sa'ad da yake yanke shawarar a tashi ko a fasa. Don haka ku nemi tabbataccen albashi na wasu awanni a wata, a tashi ko kada a tashi, abin da ya haura kuma a biya shi daban. Tashin da aka soke bayan mutum ya zo aiki, a lissafa masa.

Ku lura da inda ake zuba ƙarin. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan aka tura duk ƙarin cikin wasu alawus-alawus, aljihu zai yi nauyi yau, fansho kuwa yana nan inda yake. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ku nemi a riƙa nuna wa ƙungiya shaidar biyanta kowace shekara.

Sai a rubuta ranar biyan albashi da abin da zai biyo baya idan an makara. A sa sharaɗin sake duba albashi duk shekara, ko duk lokacin da canjin dala ko hauhawar farashi ya wuce wani adadi da kuka amince. Idan akwai baƙin matuƙa da ake biya da dala, a tsayar da cewa aiki iri ɗaya a kujera ɗaya ma'auninsa ɗaya ne.

Jadawali da hutu. Iyakar awannin da doka ta sa, iyaka ce ta ƙarshe da ba a tsallakewa, ba adadin da za a riƙa cika wa mutum kowane wata ba. A Turai, alal misali, ba a wuce awa 100 na tashi cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara. A Amurka hutun da ke gaban aiki ba ya gaza awa 10, kuma dole a samu damar barcin awa 8 a ciki. Ku buɗe na NCAA da na littafin kamfaninku, ku nemi abin da ya fi su sauƙi. Sannan ku bi ƙananan abubuwan da ke cinye hutun:

Yaushe hutu ke farawa? Ku nemi ya fara daga lokacin da aka miƙa wa mutum makullin ɗaki, ba daga lokacin da aka kashe inji ba. Kwana nawa kafin wata za a fitar da jadawali, kuma awa nawa kafin tashi ba a canza shi sai da yardar mutum? Zaman jiran ko-ta-kwana nawa ake biya? Idan an tura mutum wani gari a matsayin fasinja don ya ɗauko jirgi, ko aka ɗauke shi a mota daga Kano zuwa Katsina, wannan aiki ne, a lissafa shi cikin awannin aiki. Ni a ganina, da halin da hanyoyinmu ke ciki, ya kamata a rubuta ƙarara cewa ba a ɗaukar ma'aikatan jirgi a mota tsakanin garuruwa da dare.

Jigilar alhazai ta cancanci sashe nata. Tafiya ce mai tsawo, jadawalinta na yawan motsi, zafi kuma ga shi nan. A rubuta yawan matuƙa a kowace tafiya, hutun Jidda ko Madina, irin masauki, da kuɗin da za a biya alawus da shi. A lokacin ne kuma kamfanoni kan yi hayar jirgi tare da matuƙansa daga waje. Ba laifi ba ne, amma a sa iyaka: ba za a zaunar da matuƙin gida ba albashi ba alhali baƙo na yin aikinsa.

Lasisi da horo. Rayuwar matuƙi na rataye da takardar likita da ake sabuntawa duk shekara, daga shekara 60 kuma duk wata shida. Hawan jini ko matsalar ido na iya tsayar da aikin shekara 20 a yini guda. Ku nemi inshorar rasa lasisi, da albashin wasu watanni ga wanda likita ya dakatar, da damar aikin ƙasa. Gwajin ƙwarewa da ake yi sau biyu a shekara a na'urar kwaikwayon tuƙi, kamfani ne zai biya, har tikiti da biza da masauki. Bashin horo a kan sabon nau'in jirgi kuma a rubuta ainihin kuɗinsa da rasit, ya riƙa raguwa wata-wata, ya kuma faɗi gaba ɗaya idan kamfani ne ya sallami mutum ko ya kasa biyan albashi. A fitar da jerin girma a aiki kowa ya gani, tare da sharuɗɗan zama kyaftin bayan awa 1,500 da babban lasisi ke buƙata, don kada ƙarin girma ya koma sai wanda ya san wani.

Rage ma'aikata da ladabtarwa. Waɗanda suka ga 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage aka yi ta zaftare albashi da sallamar mutane, ba sa buƙatar a tuna musu. A rubuta tsarin tun ana zaman lafiya: sanar da ƙungiya kafin a yanke hukunci, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, kuɗin sallama gwargwadon shekarun aiki, da kuma fara kiran waɗanda aka sallama idan harka ta dawo. A ɓangaren ladabtarwa, mutum na da damar zuwa da wakilin ƙungiya. Wanda ya rubuta rahoton gajiya, ko kyaftin da ya ƙi tashi saboda dalilin tsaro, ba a taɓa albashinsa ko girmansa. Bayanan da na'urar jirgi ke naɗa na gyaran aiki ne, ba na farautar mutum ba.

Mataki na 7: Wasiƙa da ƙa'idojin zama

A aika wasiƙar neman zama tare da buƙatun, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Zaman farko ba na ciniki ba ne. A nan ake tsayar da ranaku, wurin zama, wanda zai rubuta bayanin taro, da cewa tsohuwar yarjejeniya na nan daram har a sa hannu a sabuwa. Ku tambaya kai tsaye: waɗannan da ke gabanmu suna da ikon cewa "mun amince"? Idan komai sai an koma wurin mai gida, ku nemi a sa wa'adin kawo amsa.

Mataki na 8: A kan teburi

Ku fara da abubuwan da ba su cin kuɗi sosai, kamar ranar fitar da jadawali da tsarin koke. Duk sashen da aka gama, ɓangarorin biyu su sa hannu a gefensa nan take, da sharaɗin cewa ba abin da ya tabbata sai an gama duka. Maganar albashi ta zo daga baya, lokacin da kowa ya riga ya zuba wahalarsa a zaman ba ya son ya rushe.

Za a ce muku kamfani ba shi da kuɗi. Kada a yi fushi, kada kuma a yi shiru. Mai magana ya ce: "Ranka ya daɗe, mun ji, kuma ba ma fatan kamfanin nan ya durƙushe, don a nan muke ci. A ba akantanmu lissafin shekara biyu da aka tantance ya duba, za mu sa hannu ba za mu fitar ba. Idan haka abin yake, sai mu yi maganar biya kashi-kashi." Idan sun buɗe littafi, kun samu abokan aiki. Idan sun ƙi, ku rubuta cewa an nema an hana, zai yi amfani a gaba.

Ba a sakin abu kyauta. Duk sassaucin da za ku yi, ku ɗaura shi da wani: idan kun yarda da kaza, mu kuma za mu duba kaza. Idan sabon tayi ya faɗo, ko aka ga ra'ayin 'yan kwamiti ya rabu, a nemi minti 20 a fita waje a daidaita. Ba a gardama da juna a gabansu. Bayan kowane zama a tura wa mambobi gajeren bayani a ranar, domin inda kwamiti ya yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma lokacin ne ake fara kiran mutane ɗaya-ɗaya ana yi musu tayi a gefe.

Gargaɗi, kuma wannan ne na fi jin tsoro: za a iya yi muku tayin kuɗi mai tsoka a madadin ranakun hutu ko tsawon aiki. Kada ku sayar da barci. Kuɗin zai narke cikin shekara biyu, gajiyar kuwa tana nan, kuma bayanku akwai mutum sama da ɗari da suka bar iyalinsu a gida. Haka nan ba a kai zancen teburi cikin ɗakin tuƙi.

Mataki na 9: Idan aka cije

Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta shimfiɗa hanya, kuma tsallake rana ɗaya na iya ɓata muku shari'a. Da farko a bi hanyar sulhun da ke cikin yarjejeniyarku. Idan ta gaza, cikin kwana 7 a zauna ƙarƙashin mai shiga tsakani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Idan kwana 7 suka wuce da naɗa shi ba a daidaita ba, a kai wa Ministan Ƙwadago rahoto a rubuce cikin kwana 3. Minista na iya naɗa mai sasantawa, idan shi ma ya kasa, sai a miƙa wa kwamitin sulhu na IAP. Wanda bai gamsu da hukuncinsa ba ya shigar da ƙorafi cikin wa'adin da aka bayar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a garuruwa kamar Abuja da Kano da Kaduna.

Maganar yajin aiki kuwa sai an yi hattara matuƙa. Doka ta hana yaji muddin ana cikin waɗannan matakai. Gyaran 2005 ya ƙara da cewa sai rigimar ta kasance a kan haƙƙin da aka riga aka rubuta aka kuma karya, ba neman sabon ƙari ba, sai kuma mafi rinjayen dukkan mambobi masu rajista sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Bugu da ƙari, sufurin sama na cikin ayyukan da doka ta kira na dole, waɗanda aka taƙaita musu yaji ƙwarai, dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ma ta jaddada haka. Ga kuma ƙa'idar ba aiki ba albashi. A Kenya, a Nuwambar 2022, matuƙan kamfanin jirgin ƙasar sun yi yaji, cikin kwana huɗu kotu ta umarce su su koma bakin aiki. Don haka kalmar yaji ba ta fita daga bakin kowa sai lauya da uwar ƙungiya sun rubuta ra'ayinsu.

Gargaɗi biyu. Kada a haɗa baki a yi ƙaryar rashin lafiya: matuƙi da takardar likita yake ci, wasa da ita wasa da lasisi ne. Na biyu, kada a yi barazana da jigilar alhazai. Tsohuwar da ta sayar da dabbobinta a ƙauyen Daura ta biya kujera, tana kwance a sansanin alhazai tana jiran kira, ba ita ta riƙe muku albashi ba. Ranar da kuka bar ta a ƙasa, kun rasa jama'a, kuma za a daɗe ba a manta ba.

Mataki na 10: Ƙuri'a da sa hannu

Kwamiti ba ya amincewa a madadin mutane. A ba mambobi cikakken daftari, ba taƙaitawa ba, aƙalla mako guda kafin ƙuri'a. A faɗa musu abin da aka samu da abin da aka rasa ba ɓoye-ɓoye. Ƙuri'ar ta zama ta sirri, a bar ta a buɗe kwana biyu ko uku saboda waɗanda ke sama.

Kafin sa hannu lauya ya farauto kalmomin da ke zame wa mutum a hannu: "idan hali ya yi", "kamfani zai duba", "gwargwadon iko". A maye su da adadi da rana. A rubuta ranar da ƙarin ya fara aiki da yadda za a biya ariyas, tsawon yarjejeniyar (da yadda naira ke motsi, shekara biyu ta fi huɗu), da cewa tana ci gaba da aiki har a yi sabuwa.

Sai abu biyu da ake yawan mantawa saboda murna. Doka ta ce a ajiye aƙalla kwafi uku a wurin Ministan Ƙwadago cikin kwana 14 da sa hannu. Na biyu, kamfani ya ba kowane mamba wasiƙa mai cewa wannan yarjejeniya ta zama ɓangare na sharuɗɗan aikinsa. An daɗe a kotunan Najeriya ana jayayya kan ko mutum ɗaya na iya kai ƙara da yarjejeniyar ƙungiya idan ba a shigar da ita cikin takardar aikinsa ba. Layi biyu na wasiƙa sun rufe wannan ƙofa.

Mataki na 11: Albashin farko da jadawalin farko

Ranar da albashin farko ya shigo, 'yan kwamiti su karɓi takardun mutum goma daga matakai daban-daban su bi su layi-layi da yarjejeniya a hannu. A duba asusun fansho ma, ko an zuba sabon adadin. Haka za a yi wa jadawalin wata uku na farko. Duk saɓanin da aka gani a rubuta koke cikin wa'adin da kuka tsayar, ko da na naira kaɗan ne, domin abin da aka yi shiru a kai sau uku kamfani zai kira shi al'ada. A naɗa mutum biyu su riƙa zama da sashen jadawali duk wata, a buɗe sabon fayil na ƙorafe-ƙorafe, sakatare kuma ya rubuta ranar da ta rage wata shida yarjejeniyar ta ƙare, don a nan Mataki na 2 zai sake farawa.